Hatiman Baffa da Tukwanen Wake

Daga Allah muka zo, can kuma muka nufa. Baffa, wan mahaifina, ya riga mu tafiya wata Talata bayan azahar, a ɗakinsa da ke Tiga, tabarau a hanci, rediyo na ta surutu a gefen tabarma. Matarsa, wadda duk muke kira Iya, ta shiga kai masa fura ta tarar da shi jingine da bango. Ta ce har ta fara yi masa faɗan ɓarnar batir kafin ta gane abin da ya faru.

Ban taɓa ganin zaman makoki mai hayaniya irin nasa ba. Mutum zai shigo a natse, ya ce ya haƙuri, a yi addu'a a shafa, sai wani ya ce, kun tuna ranar da ya tsayar da malamin gona a tsakiyar kasuwar Kiru ya ce sai ya nuna masa wanda ya auna? Shi ke nan wuri ya ɓarke da dariya. Tsofaffin ma'aikatan ruwa da suka yi aiki tare da shi suka zo a mota guda. 'Yan achaɓa suka jera baburansu har bakin titi. Wata malamar jami'a ta taso daga Kano, ta zauna cikin mata tana share hawaye, tana ba mu labarin yadda ta taɓa zuwa da takardar tambayoyi kan mutanen da dam ya tasa, Baffa ya amsa mata uku, shi kuma ya yi mata talatin, har biro ɗinta ya ƙare ya ara mata nasa. Amininsa, wani tsohon masunci, shi kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya zauna a bakin zaure yana cewa yanzu da wa zai yi musu.

Ni kuwa ina cikin mata ina amsa gaisuwa, amma hankalina na kan wata adakar ƙarfe da ke ƙarƙashin gadonsa. Ni malamar kimiyya ce a makarantar 'yan mata, kuma na san abin da ke ciki: littattafan rubutunsa na shekara da shekaru, dukkansu da ajami, shafi bayan shafi an ja layuka tsaye da kwance, an cika gidajen da lambobi. Wanda duk ya leƙa daga nesa, hatimi zai gani. Gonar Baffa kuma ba ta taɓa ba shi kunya ba, don haka tuni gari ya yanke hukunci cewa yana da laƙanin noma. Tun kafin a dawo daga maƙabarta na ji wasu mata na raɗa cewa Allah ya sa a tuna da su in an zo rabon takardun. In aka yayyage littattafan nan, Baffa ya mutu sau biyu, ni kuma 'yar ƙane ce, ba ni da ko shafi ɗaya a gadon.

Bari in faɗi ko wane ne shi, don wanda bai san shi ba.

Yana saurayi ruwan dam ya ci garinsu, aka kwaso su aka zube a nan. Ya samu aiki a wurin masu ruwa, aikin da kowa ya raina: kullum da safe ya je bakin dam ya duba sandar awo ya rubuta inda ruwa ya kai. Ya yi karatun allo, ya kuma shiga ajin yaƙi da jahilci, saboda haka yana karanta boko sarai, amma in zai rubuta hannunsa ya fi gudu a ajami. Ya ce mini sandar nan ce ta lalata shi. Bayan ya shekara yana jin tsofaffi na rantsuwa ruwan bana ya fi na bara, alhali littafinsa na cewa akasin haka, sai ya daina yarda da kowa har da kansa. Daga nan ya samo tambayarsa da duk yankin ya haddace: wa ya auna? Ka ce masa rana ta fi zafi bana, wa ya auna. Ka ce yaran yanzu ba su da kunya, wa ya auna. Mahaifina ya taɓa ce masa in aka yi wasa ko a kabari sai ya tambayi mala'iku, Baffa ya ce a'a, su kam ya tabbata suna rubutawa.

Kada wani ya ɗauka mutum ne mai gardamar banza. Ban san wanda sabon ra'ayi ke sa wa zumuɗi kamarsa ba. In ya ji wani masani a rediyo ya kawo wata magana, tuwo ma ba ya iya ci. Ranar da ya ji an ce a gwaji na gaskiya dole a ware kashi ɗaya da ba a yi wa komai ba, don a samu abin kwatantawa, sai da ya tako har gidanmu a ƙafa ya tsaya a tsakar gida yana cewa wannan shi ne shaida, kowace shari'a tana buƙatar shaida, ya aka yi bai taɓa tunanin haka ba. Takardun malaman gona, tsofaffin mujallu, jaridar da aka naɗe masa tsire a ciki, duk sai ya karanta. Abin da ya karanta kuwa ba ya barinsa a takarda. Ƙarshen gonarsa ya ware kunyoyi, kowace kunya da ra'ayin wani marubuci, ya ce su yi musunsu a ƙasa shi zai yi alƙalanci.

Da idonsa ya yi rauni, ni na zama mai karanta masa duk ranar Asabar. Na zaci littattafan kimiyya kawai zai so. Ina! Ƙagaggun labarai ma ya fi kowa ci. Sai dai karanta wa Baffa labari aiki ne, don marubucin yake ɗauka kamar yana zaune a kan tabarmar. Wani ya rubuta cewa an yi girbin dawa sannan aka shiga damina a sati guda, Baffa ya sa na rufe littafin, ya ce wannan bawan Allah bai taɓa riƙe fartanya ba, a gaya masa. Wata marubuciya kuma ta kwatanta ƙamshin ɗakin kakarta bayan an yi yayyafi, ya sa na maimaita shafin sau uku, ya cire tabarau. Daga baya ya ce ita ma awo ta yi, da hanci ta auna, kuma awonta daidai ne. A wurinsa mai labari da mai bincike sana'arsu ɗaya, kowa ya duba da kyau ya faɗi gaskiyar abin da ya gani. Na sha maimaita wannan magana ga ɗalibaina ba tare da na ce tasa ce ba, Allah ya yafe mini.

Shekarar da aka fara yayin manhajar nan ta waya da ake yi wa tambaya ta amsa kamar mutum, na kai masa don in burge shi. Ya tambaye ta dalilin da ya sa ake husufin wata, ta faɗa, ya gyaɗa kai. Ya tambaye ta ciwon tumatir, ta faɗa, ya ce ba laifi. Sai ya gyara zama ya ce in tambaye ta sunan rijiyar da ke bayan masallacin Juma'a a garinsu na da, wanda ke ƙarƙashin ruwa. Ta yi ta kewaye-kewaye, ƙarshe ta ce ba ta da masaniya. Na ji kunya kamar ni aka kayar. Shi kuwa ya tafa hannu yana dariya har da tari.

"Kin gani? Abin da aka rubuta kawai ta sani. To wa ya hana mu rubutawa? Ɗauko biro, Malama."

Ranar sai da muka cika shafi tara da sunayen rijiyoyi da unguwanni da kukoki, da gidan wa ke kallon gidan wa.

Rigimarsa da amininsa masunci kuwa ta kusa raba su. Kifi ya yi ƙaranci, masunci ya ce mutanen ruwa ne suka yi fushi. Baffa ya ce mutanen tudu ne dai, masu raga mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi tun ba su girma ba, kuma ya karanta an ga irin haka a wasu tafkuna. A gaban jama'a ya faɗa, kuma ragar amininsa na cikin waɗanda yake nufi. Ya ƙara da yanko kara, ya yi masa tsaga-tsaga, ya miƙa masa ya ce ya riƙa auna tsawon kifin da ya kama. Masunci ya karya karan ya jefar. Azumi guda suka yi ba sa shan ruwa tare, su da suka saba raba ƙosai ɗaya. Ni na ga laifin Baffa a nan, kuma na faɗa masa. Gaskiya ce ya faɗa, amma ya faɗe ta yadda mutum ba zai iya karɓa ba. Ranar sallah dai shi ya fara zuwa gaisuwa gidan masuncin. Bayan rasuwar Baffa ne masuncin ya gaya mini cewa tun a azumin nan ya yanki nasa karan a ɓoye, yana aunawa a cikin kwalekwale inda ba mai ganinsa, kuma ya daɗe da canza raga. Bai taɓa faɗa wa Baffa ba, wai don kada kansa ya ƙara girma.

Alherin da ya yi mini ni kaɗai na sani. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, shukar da na yi don aikin bincikena ta mutu ƙurmus, saura 'yan makonni a miƙa. Na dawo gida na ce na bar karatun. Kowa ya yi ta lallashi da faɗa. Baffa bai yi ko ɗaya ba. Ya kira ni ɗakinsa, ya buɗe adakar nan a gabana karo na farko, ya zaro littafin da ya fi kowanne kauri. Ya ce wannan na abubuwan da ba su yi ba ne. Ya yi ta karanta mini: shekarar da ya kashe albasa da toka, shekarar da ya bi shawarar wata mujalla ya ƙona masara da taki, injin ban-ruwan da ya haɗa da tsohon keke ya watsa masa laka a fuska. Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Sannan ya ce in koma in rubuta dalilin da ya sa shukar ta mutu, don wanda bai yi ba ma amsa ce. Haka na yi, kuma da shi na fita.

To, mu koma makoki.

Ranar sadakar uku aka fara ɓarna. A kusurwar ɗakin Baffa akwai tukwane biyar da ya cika da wake bayan kaka, ya yaɓe bakinsu da laka, ya hana kowa taɓawa. Mu 'yan gida mun san gwaji ne na maganin ƙwari. Gwaggo, ƙanwarsa da ke aure a Tudun Wada, ba ta sani ba. Waken ƙosai ya gaza, ta leƙa ɗaki, ta ga tukwane, ta fasa bakin ta kusa da ƙofa, ta ga wake tas ba a haɗa shi da komai ba, ta ce Allah ya ji ƙan Yaya, har waken sadakarsa ya tanada. Kafin in ankara an markaɗa. Da na ga tukunyar a kife na saki salati har mata suka zaci wani ne kuma ya mutu. Tukunyar da ba a sa wa komai ba ce. Mun cinye shaidar Baffa a ƙosai, ni ma na ci biyu.

Ranar bakwai Gwaggo ta tara mu a tsakar gida. Ba muguwa ba ce, tana son ɗan'uwanta, kuma a ganinta adalci take nema. Ta ce albarkar da Allah ya ba Yayanta bai kamata gida ɗaya ya riƙe ba. A fito da hatiman, kowane gida a yaga masa nasa, mai binnewa a kusurwar gona ya binne, mai wankewa ya yayyafa wa iri ya wanke. Na ce ba hatimi ba ne, lissafi ne. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke 'yar boko, komai lissafi ne a wurinki. Kuma da 'ya'yansa a raye, ina ruwan 'yar ƙane da gado?"

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Na juya ga babban ɗansa, wanda muke kira Yaya, mutum mai sanyi da ba ya son a ji kansa da kowa. Na ce abu ɗaya nake roƙo: kafin a yaga ko shafi ɗaya, a kai wa Liman ya karanta a bainar jama'a. Ya tashi ya shiga ya kinkimo adakar.

Bayan la'asar ne, ƙofar gida cike da maza. Ni da Gwaggo muka tsaya bayan ƙyauren zaure, kafaɗa da kafaɗa, kowa na jin numfashin 'yar'uwarta. Liman ya yi bisimilla, ya buɗe littafin farko, ya kai shi kusa da ido, ya nisanta shi, ya juya shi. Wasu har sun ɗaga hannuwa don karɓar addu'a. Sai muka ji ya karanta a hankali: kunya ta ɗaya, kashin shanu, ta biyu, takin kanti, ta uku, an haɗa biyun, ta huɗu, ba a sa komai ba. Ya ce lambobin da ke cikin gidajen nan kuwa kwanon masarar da kowace kunya ta bayar ne.

Hannuwa suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo ta ce a kunnena, wai wannan ne asirin? Na ji wani na gunaguni cewa ya biya kuɗin mota tun daga Doguwa. Na ce a raina shi ke nan, yanzu ba za su yaga ba, za su bar wa gara ne.

Sai wani manomi daga Dangora ya yi gyaran murya daga baya.

"Allah ya gafarta Malam, to wace kunyar ce ta ci?"

Liman ya bi layin da yatsa ya faɗa. Wani ya ce ƙarya ne, shi ya gwada bai yi ba. Wani ya ce ai ƙasarka jigawa ce. Liman ya ce ku dakata, ga shi nan ya rubuta na jigawa daban. Jama'a, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Mutanen da suka zo neman laya suka matso suna ture juna, wannan na cewa a karanto na albasa, wancan na cewa a duba ko akwai na tsutsar masara. Masunci ya miƙe tsaye yana cewa a nemo na kifi, ya san akwai na kifi. Liman kansa ya manta da girma, rawaninsa ya karkace, yana ta buɗe littafi yana cewa ikon Allah. Sai da ladan ya kira magariba sannan aka farga. Kafin a tashi Liman ya nuna musu abu ɗaya: tambaya tana wannan littafi, amsarta tana wancan, shekara guda a tsakani. Wanda ya yagi shafi ɗaya bai tafi da komai ba.

Yaya ya yanke magana a gajarce. Adaka za ta zauna a zaure yadda take, duk Alhamis bayan la'asar a buɗe a karanta wa mai so, ni kuma in riƙa juya su zuwa boko. Gwaggo ba ta ba ni haƙuri ba, ba halinta ba ne. Ta dai ja mayafina ta ce in na ci karo da abin da ya shafi mutuwar kaji in fara kwafa mata shi.

Saura tukwane huɗu. A littafin ƙarshe Baffa ya rubuta a buɗe su kafin ruwan farko, a zuba kowace a faifai, a ware waken da ƙwari suka huda. Ya jera abin da ke cikin kowace da wanda ya ba da shawarar, amma bayanin ta ƙarshe ya ninke shafin ya rubuta a bayansa kada a karanta sai ranar. Muka bi umarninsa. Da lokaci ya yi Iya na cikin takaba ba ta fita, don haka a tsakar gida muka yi, tana zaune a ƙofar ɗakinta.

Ta barkono ta sha huji. Ta ganyen darbejiya da dama-dama. Ta uku wake ne a ƙulle cikin leda mai kauri ninki biyu, dabarar masu bincike, kuma ta yi kyau ƙwarai, masu huji ba su cika tafin hannu ba. Yaya ya fasa bakin ta ƙarshe ya karkata ta, sai rairayi mai laushi ya zubo, wake na biye da shi sumul. Na ga Iya ta miƙe zaune. Muka tankaɗe, muka ware, muka sake warewa har sau uku. Ta fi ta leda, da kaɗan, amma ta fi.

Na warware shafin. Ajamina ba shi da sauri, na karanta a hankali: "Tukunya ta biyar, ra'ayin uwargida. A shanya wake a rana mai zafi kwana uku, a haɗa da rairayin rafi da aka tankaɗe, a yaɓe. Wurin kakarta ta gani. Tun muna amarci take faɗa mini, ina cewa zancen mata ne. Na gwada maganar mutanen da ban taɓa gani ba, ban gwada tata ba. Wannan kuskurena ne."

Iya ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, ba mu san kuka take ko dariya ba sai da ta buɗe muka ga duka biyun ne. Gidan sakamakon a shafin yana nan fari, bai kai ga cikawa ba. Na tambaye ta me zan sa.

"Sa abin da kuka gani," ta ce. Ta share ido da bakin mayafi. "Sannan ki ƙara a ƙasa cewa na yafe masa."

Na rubuta duka biyun a ƙarƙashin hannunsa. Ya Allah, bawanka ya zo maka. Ka sauƙaƙa masa tambaya, Ka yi masa awo da rahamarka.